Faɗuwa a Hanyar Gwanja: Magana a Kan Wanda Ya Koma wa Taba

A cikin ikilisiyoyin da ke Salaga da Yendi da Bawku, kamar yadda yake a wurare da yawa, akwai wani irin mutum wanda ba a cika yin magana a kansa ba. Shi ne wanda ya daɗe yana shan taba, ya bari, har ya tashi ran Lahadi a gaban jama'a ya ba da shaida, aka yi addu'ar godiya dominsa. Bayan wata uku ko shida kuma sai aka soma jin warin hayaƙi a rigarsa. Daga nan ya koma zama a bencin baya, yana fita kafin a gama gaisawa, daga bisani ma ya daina zuwa sujada. Matarsa ta yi shiru. Abokansa na kasuwa kuwa suka yi dariya, suka ce da ma sun faɗa, hali zanen dutse.

Tambayar da ke gaban irin wannan mutum ta fi maganar taba girma. Yana tambayar zuciyarsa, ko alkawarin da ya yi ƙarya ne tun farko? Ko watannin da ya yi yana jurewa sun tafi a banza? Ko yana da fuskar da zai sāke tsayawa gaban Allah da mutane ya ce zai bari? Amsar da ya ba kansa ita ce za ta nuna ko zai tashi a makon nan, ko kuwa zai ƙara shekara goma da kara a baki.

Abin da ya kama shi

Kafin a yanke wa mutum hukunci ya kamata a san irin igiyar da ta ɗaure shi. A cikin ganyen taba akwai wani sinadari da ake kira nikotin. Idan mutum ya zuƙi hayaƙi, nikotin yakan isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20, ya sa a ji sauƙi na ɗan lokaci. Mai shan kara 10 a rana yana maimaita wannan abu sau da yawa daga safe zuwa dare, shekara da shekaru, har ƙwaƙwalwarsa ta saba, ta riƙa nema kamar yadda ciki yake neman tuwo. Ran da aka hana ta, sai ga fushi ba dalili, da rashin barci, da rashin natsuwa, da yawan jin yunwa. Wannan wahala takan fi tsanani a makon farko, musamman kwana uku na fari, ta ragu cikin mako biyu zuwa huɗu.

Akwai igiya ta biyu kuma, wadda ta fi ta farko daɗewa, ita ce ta sabo. Taba ta haɗa kanta da shayin safe, da hira a tasha, da ƙwaryar fito, da zaman makoki, da baƙin ciki. Jiki yana iya rabuwa da nikotin tun tuni, amma ran da mutum ya zauna a tsohon wurinsa, tsohon abokinsa ya ƙyasta ashana, sai marmarin ya taso sabo fil kamar jiya aka rabu.

Saboda haka komawa ba baƙon abu ba ne. Masu bincike sun tarar cewa cikin mutum 100 da suka yi ƙoƙarin bari da ƙarfin kansu kaɗai, ba magani ba shawara, wajen 3 zuwa 5 ne suke kai wata shida ko shekara ba su koma ba. Wani bincike da aka yi a Kanada, aka buga a 2016, ya nuna cewa masu shan taba da yawa sukan gwada har wajen sau 30 kafin su rabu da ita sarai. Ashe yawancin dattawan da ake nunawa a yau ana cewa wane ya bar taba shekara ashirin ke nan, sun sha faɗuwa kafin su tsaya. Ƙoƙarinsu na ƙarshe aka gani, waɗanda suka rigaye shi ba a ƙirga ba.

Darasin fatake

Mutanen Salaga ba su bukatar a koya musu abin da ake nufi da doguwar tafiya. Kafin yaƙin basasa na 1892 ya watsa kasuwar garin, Salaga ita ce babbar kasuwar goro ta ƙasar Gwanja, ko da yake an yi mummunan cinikin bayi a cikinta kuma. Fatake sukan taso daga Kano da sauran biranen Hausa da jakuna, ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, su haye Kwara, su ratsa ƙasar Bargu, su bi ta Sansanin Mango da Yendi, su sauka Salaga. Tafiyar wata da watanni ce. Ana yinta ne daga zango zuwa zango, daga nan ne kuwa unguwannin baƙi a biranen Gana suka sami sunan da ake kiransu da shi har yau.

A irin wannan tafiya jaki yakan faɗi a mashigin rafi, kaya su kwance, igiya ta tsinke. Ba a taɓa jin madugu ya ce tun da jaki ya faɗi a kusa da Yendi, sai ayari duka ya koma Kano a sāke tashi ba. Akan tā da jakin, a duba abin da ya kā da shi, a gyara ɗaurin, a ci gaba. Kwanakin da aka yi a baya suna nan a baya, faɗuwa ba ta ƙara wa hanya tsawo ba.

Haka yake ga mai barin taba. A ce mutum yana shan kara 10 a rana, ya bari kwana 90, sa'an nan ya koma. Kara 900 ke nan ba su shiga ƙirjinsa ba, ba kuwa mai iya mayar da su ciki. Kuɗinsu ya zama hatsi, ko takalmin yaro, ko kuɗin makaranta. 'Ya'yansa sun yi wata uku suna kwana a ɗaki marar hayaƙi. Fiye da wannan duka, ya koyi abin da bai sani ba a dā: ya san zai iya tashi da safe ba taba, ya san wahalar makon farko tana wucewa, ya kuma san wurin da ƙafarsa ta zame. Wanda bai taɓa gwadawa ba bai san ko ɗaya cikin waɗannan ba.

Fataken nan suna da wata hikima kuma wajen dawowa. Goro ba ya son a ɗaure shi a manta. A hanya akan kwance huhun goro a kai a kai, a yayyafa ruwa, a sāke ganye, a tsince wanda sankara ta kama a yar. Falke mai hankali ba ya zubar da huhu guda domin ya tarar da ƙwaya ɗaya ta ɓaci. Ba ya kuma barinta a ciki ya ce ai guda ɗaya ce, gama ya san za ta ɓata sauran. Yakan cire ta nan take, ya ɗaure abinsa. Bahaushe ya kira ƙunshin goro huhu, ya kira cutarsa sankara, waɗannan kalmomi biyu ne kuwa likita yake faɗa wa mai shan taba.

Kara ɗaya da abin da ke biyo bayansa

Wani masanin halin ɗan Adam a Amurka, Alan Marlatt, ya yi shekaru yana nazarin yadda mutane suke koma wa giya da taba. Ya lura cewa akwai bambanci tsakanin zamewa sau ɗaya da komawa ɗungum, abin da yake kai mutum daga ta farko zuwa ta biyu kuwa sau da yawa tunaninsa ne. Wanda ya sha kara ɗaya ya ce a ransa, "Shi ke nan, na lalace, da ma ni ba mutumin kirki ba ne," yakan je ya sayi kwali kafin dare. Wanda ya ce, "Na zame a wuri kaza, saboda abu kaza," ya fi samun hanyar tashi.

Masu bi sun san wannan tun kafin masana su rubuta shi. Mai jaraba yana da murya biyu. Kafin mutum ya faɗi yakan ce masa, kara ɗaya ba kome ba ne. Da ya faɗi sai ya juya ya ce masa, kara ɗayan nan ya gama da kai. Duka biyu ƙarya ne, ta biyun kuwa ta fi kisa, domin ita ce take raba mutum da addu'a, da 'yan'uwa, da asibiti. Baƙin ciki irin na tuba yakan kai mutum wurin Allah da wurin mutane. Kunyar fid da zuciya kuwa takan kai shi bayan gida shi kaɗai da ashana a hannu.

Littafi Mai Tsarki bai ambaci taba ba, gama daga nahiyar Amurka ta fito, ba ta kuwa bazu cikin sauran duniya ba sai bayan 1492. Amma ya yi magana sosai a kan waɗanda suka yi alkawari suka kāsa. Bitrus ya yi rantsuwa a gaban sauran almajirai cewa ba zai rabu da Ubangijinsa ba ko da za a kashe shi. A daren nan kuwa, yana jin ɗumin wutar gawayi a farfajiyar babban firist, ya yi mūsun saninsa har sau uku. Alkawarin Bitrus ba munafunci ba ne. Da zuciya ɗaya ya yi shi, sai dai bai san iyakar ƙarfinsa ba. A sura ta 21 ta Bisharar Yohanna, a bakin teku, kusa da wata wutar gawayi kuma, Yesu ya tambaye shi sau uku a kan ƙaunarsa, ya kuma danƙa masa kiwon garkensa. Bai sa shi ya yi shekara a bencin baya tukuna ba.

Akwai kuma Yohanna Markus, wanda labarinsa ya yi kama da na ɗan ayari. Ya tashi tafiyar bishara tare da Bulus da Barnaba, da suka kai Bamfiliya ya rabu da su ya koma Urushalima. Da aka zo tafiya ta biyu Bulus ya ƙi ɗaukarsa, har gardama ta raba shi da Barnaba. Barnaba ya ɗauki saurayin suka tafi Kubrus. Shekaru da yawa bayan haka, Bulus ɗin nan, yana kurkuku, ya aika wa Timoti cewa ya zo masa da Markus domin yana da amfani a gare shi. Da Barnaba ya ce hali zanen dutse, da ikilisiya ta yi hasarar ma'aikaci.

Ko wannan ba zai sa a raina faɗuwa ba?

Wani dattijo zai iya cewa, idan aka riƙa gaya wa mutum faɗuwa ba ƙarshe ba ce, ai an ba shi izini ke nan ya riƙa faɗuwa. Maganar tana da nauyi, gama akwai mai barin taba kowace Lahadi ya koma kowace Litinin, yana jingina da alherin Allah kamar bango.

Gaskiya ce taba ba abin wasa ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana kashe fiye da mutum miliyan 7 kowace shekara, cikinsu har da fiye da miliyan ɗaya waɗanda ba su sha, hayaƙin wasu ne kawai suke shaƙa. A cikin hayaƙin akwai sinadarai fiye da 7,000, wajen 70 daga cikinsu suna kawo sankara. Tana jawo ciwon zuciya da shanyewar jiki, tana kuma ƙara hatsarin tarin fuka. Manzo Bulus ya koya wa Korantiyawa cewa jikin mai bi mazaunin Ruhu Mai Tsarki ne, ba nasa ba ne da zai yi yadda ya ga dama da shi. Wanda ya san wannan ba zai ce faɗuwarsa ba kome ba ce.

Amma wannan hatsari shi ne babban dalilin tashi da sauri. A Ingila, Richard Doll da abokan aikinsa sun bi rayuwar likitoci maza fiye da 34,000 tun daga 1951 har shekara 50. Sakamakon da suka buga a 2004 ya nuna cewa mai shan taba dukan ransa yakan yi hasarar wajen shekara 10. Wanda ya bari yana da shekara 30 yakan ceto kusan goman duka, mai shekara 40 ya ceto wajen 9, mai 50 wajen 6, mai 60 ma wajen 3. Jiki ba ya tambaya ko wannan ƙoƙari na farko ne ko na bakwai. Cikin sa'a 12 da kara na ƙarshe iskar gubar da ke cikin jini takan koma daidai. Cikin mako 2 zuwa 12 jini yakan fi gudu, numfashi ya fi sauƙi. Bayan shekara guda hatsarin ciwon zuciya yakan ragu zuwa wajen rabin na mai sha. Allah ya halicci jiki da shirin karɓar mai komowa.

Ana gane mai tuba na gaske daga mai wasa da alheri ta wurin abu ɗaya: ko ya sāke wani abu. Wanda ya tashi ya koma da shirinsa na dā, da abokan hirarsa na dā, da kwali ɓoye a ƙarƙashin tabarma, bai duba abin da ya kā da jakinsa ba. Wanda ya zauna ya yi lissafi, ya gyara ɗauri, shi ne ya ɗauki faɗuwar da nauyinta.

Gyaran ɗauri

Da fari, sai ya tashi da wuri. Kada ya ce sai sabuwar shekara, ko sai Ista, ko sai 31 ga Mayu, ranar da duniya take tunawa da yaƙi da taba. In ya zame yau, ya yar da sauran yau. In ya riga ya koma sosai, ya sa rana cikin mako biyu, ya faɗa wa matarsa da wani amintaccen ɗan'uwa.

Sa'an nan ya tambayi kansa tambaya uku: ina nake, da wa nake, me nake ji sa'ad da na kunna? Ga wani, makoki ne da kwana uku na zaman dare. Ga wani, faɗa ne da iyali, ko bashi, ko fargaba a kwanakin tashin hankali irin wanda Bawku ta sha fama da shi. Ga mutane da yawa giya ce, gama ƙwaryar fito ta biyu takan kwance duk wani alkawari. Abin da ya amsa shi ne wurin da zai kafa tsaro.

Ya sani kuma jaraba tana kusa. Gana ta yi dokar lafiyar jama'a a 2012 wadda ta hana shan taba a wuraren taruwa, da tallanta, da sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. Tun 2018 kwalaye suna ɗauke da hotunan gargaɗi. Masana'antar sigari ta Takoradi ta rufe tun 2006. Duk da haka a gari irin Bawku, wanda yake dab da iyakar Togo da ta Burkina Faso, sigari mai araha ba ya wuyar samu, mai tebur kuwa yakan sayar kara kara, wanda ya sayi kara ɗaya kuma ba ya ganin hoton da ke jikin kwali. Saboda haka in tsohuwar hanyarsa ta zuwa kasuwa tana bi ta gaban tebur ɗin, ya sāke hanya. Kada kuma ya ruɗi kansa da garin taba na shaƙa ko na tsotsa, ko lofe, ko shisha, domin nikotin ɗin nan ne cikin wata riga.

Marmari in ya taso, mintoci kaɗan yake yi ya kwanta. Mutum ya sha ruwa, ya tauna asawaki, ya tashi daga inda yake, ya yi addu'a, ya nemi wanda zai yi magana da shi. Kada ya ji kunyar zuwa asibiti, ko asibitin gwamnati a Salaga da Yendi, ko asibitin ikilisiyar Presbyterian a Bawku, ya gaya wa likita ko nas gaskiya. Akwai cingam da filasta masu ɗan nikotin da suke rage wahalar makonnin farko, akwai kuma ƙwayoyin da likita yake rubutawa. Magani tare da shawara yakan ninka damar yin nasara fiye da sau biyu. Neman magani ba rashin bangaskiya ba ne, kamar yadda ɗora karaya ba rashin bangaskiya ba ne.

Rabon ikilisiya

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sau da yawa ikilisiya takan yi murna da shaidar ran Lahadi, ta manta da mutumin ran Laraba. Ya fi kyau a rage tafi, a ƙara ziyara. Dattijon da ya ji warin hayaƙi a rigar ɗan'uwa yana da zaɓi. Yana iya kai maganar gaban taro, mutumin ya ɓace. Yana kuma iya zuwa gidansa da yamma, bayan gaisuwa ya ce, "Malam, kwana biyu ba mu gan ka ba. Wata huɗu ka yi, ba ƙaramin abu ba ne. Me ya faru a na biyar?" Matar gida ma tana da nata rabo. Gori ba ya kashe marmari, amma kalma mai daɗi a kwana na uku, sa'ad da maigida yake fushi ba dalili, tana iya tsare shi a gida.

Masu bi na Yendi suna da abin tunawa a tarihinsu. Mishan na Basel ya buɗe aiki a garin a 1913, amma a 1916, cikin yaƙin duniya na farko, aka kwashe ma'aikatansa, aikin ya tsaya. Mai kallo a lokacin zai ce an gwada an kāsa. A 1931 waɗansu masu bishara na Assemblies of God suka sauka a Yendi ɗin nan suka soma, daga can kuwa aikinsu ya bazu cikin ƙasar Gana duka. Ikilisiyar da ita kanta da farawa na biyu ta kafu, bai kamata ta rufe wa ɗanta ƙofar farawa na biyu ba, ko na goma.

Saboda haka alkawarin mutumin nan na fari ba ƙarya ba ne, watanninsa ba su tafi a banza ba, yana kuwa da fuskar sāke tsayawa, domin tsayawarsa ba a kan ƙarfinsa take ba, a kan jinƙan Allah take. Sai dai a wannan karo ya yi alkawarin da tawali'u, na yini ɗaya ɗaya, kamar yadda falke ba ya ɗaukar hanyar Gwanja duka a kansa da safe, zangon gaba kawai yake nufa. Sannu ba ta hana zuwa. Ubangiji ya ƙarfafa gwiwar kowane ɗan'uwa da ya zame, ya kuma ba ikilisiyarsa zuciya irin ta Barnaba. Amin.